Fashin Baƙi: Inshorar Lafiya ta Gajeren Zango a Amurka, Mafita Ce ko Tarko?

Idan kuɗin inshorar lafiya ya fi ƙarfin aljihun magidanci a Amurka, shin zai iya sayen 'yar ƙaramar inshorar nan ta 'yan watanni da ake tallatawa da araha, ya ɗauka ya rufa wa kansa da iyalinsa asiri? Wannan tambaya ta sake tasowa da ƙarfi a 2025, kuma abu biyu ne suka tayar da ita.

Na farko, a watan Agusta na shekarar, ma'aikatun tarayya uku, wato ta lafiya da ta ƙwadago da ta kuɗi, suka sanar da cewa ba za su matsa wajen aiwatar da ƙa'idar gwamnatin Joe Biden ba, wadda ta taƙaita wa'adin irin wannan inshora zuwa wata huɗu. Na biyu, ƙarin tallafin da gwamnati ke ba masu sayen cikakkiyar inshora tun 2021, an tsara wa'adinsa ya ƙare a ƙarshen 2025. A kan wannan tallafi ne 'yan majalisa suka yi ta ja-in-ja har aka rufe ma'aikatun gwamnati kwana 43, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba. Cibiyar binciken manufofin lafiya ta KFF ta ƙiyasta cewa in babu ƙarin tallafin, abin da masu cin gajiyarsa ke biya zai ninka, har da ɗoriya. Mutum fiye da miliyan 24 ne suka yi rajista a kasuwar inshora ta gwamnati, wato dandalin da gwamnati ta kafa inda mutum ke sayen cikakkiyar inshora daga kamfanoni, a 2025. Duk wanda ya ga kuɗinsa na wata ya ninka, dole idonsa ya koma neman mai sauƙi, dillalai kuwa suna nan suna jiransa.

Maganar ta taɓa namu da ke can. A unguwar Bronx ta New York akwai Hausawan Gana da na Nijar, a Greensboro ta jihar North Carolina akwai 'yan Nijar masu yawa, Houston kuwa cike take da 'yan Nijeriya. Da yawansu sana'ar kansu suke yi, tuƙin tasi ko kitso ko kai saƙo ko ƙaramin shago, ba su da kamfanin da zai yanka musu inshora. Irinsu ake yi wa wannan talla.

Dalilin da ya sa ba a wasa da inshora a Amurka

Amurka ba ta da tsarin asibitin gwamnati na kowa da kowa irin na Ingila. Kusan rabin jama'ar ƙasar ta wurin aiki suke samun inshora. Masu shekara 65 zuwa sama suna da Medicare, masu ƙaramin ƙarfi suna da Medicaid, dukansu shirye-shiryen inshora ne na gwamnati da aka kafa a 1965. Wanda bai faɗa ko ɗaya cikin waɗannan ba, ko dai ya saya da kuɗinsa, ko ya zauna haka nan. A 2023, mutum wajen miliyan 26 ne ke zaune haka nan.

Kuɗin asibiti a can ba ya tausayin kowa. A 2022 KFF ta lissafa cewa ɗawainiyar ciki da haihuwa da jego, ga matan da ke da inshorar wurin aiki, takan kai dala 18,865 a matsakaici. Gaskiya ne akwai dokar 1986 da ta wajabta wa sashen gaggawa na asibiti ya duba duk wanda aka kawo, ya ceto ransa, ko yana da kuɗi ko ba shi da su. Amma dokar ba ta yafe kuɗin ba. Mutum zai koma gida, takardar bashi ta biyo shi. Bashin asibiti da ke wuyan Amurkawa ya kai aƙalla dala biliyan 220.

Abin da ake nufi da cikakkiyar inshora

Kafin 2014, kamfanin inshora na da ikon ya tambayi mai saye tarihin lafiyarsa, ya ƙi shi in ya ga dama, ko ya tsauwala masa kuɗi. Mai ciwon suga ko sikila ko wanda ya taɓa yin ciwon daji, in ba shi da inshorar wurin aiki, sai dai ya rungumi ƙaddara. Dokar da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a ranar 23 ga Maris 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, ita ta sauya wannan, manyan tanade-tanadenta kuma suka fara aiki a Janairun 2014.

A ƙarƙashinta kamfani ba shi da ikon ƙin kowa saboda cutar da ya zo da ita, kuma ba zai ƙara masa kuɗi a kanta ba. Ba a caji mace fiye da namiji. Dattijo ba ya biyan fiye da ninki uku na abin da matashi ke biya. Dole inshorar ta ƙunshi fannoni goma da doka ta lissafa, daga ciki akwai kwanciya a asibiti, taimakon gaggawa, awon ciki da haihuwa, magungunan da likita ya rubuta, lafiyar ƙwaƙwalwa da jinyar shaye-shaye, gwaje-gwaje, da rigakafi. An kuma hana kamfani ya ce "iyakar abin da zan biya maka a shekara ke nan".

Akwai lissafi uku da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin da su ake gane kowace inshora. Akwai kuɗin wata, wanda ake biya ko an yi ciwo ko ba a yi ba. Akwai kason farko, wato adadin da mutum zai fara kashewa daga aljihunsa a shekara kafin kamfani ya sa hannu. Sannan akwai iyakar aljihu, adadin da in mutum ya kai shi, sauran ɗawainiyar shekarar duka ta koma wuyan kamfani. A 2025 doka ta tsayar da wannan iyaka a dala 9,200 ga mutum ɗaya, 18,400 ga iyali. Kuɗi ne mai yawa, amma an san inda ya tsaya. Ko jinyar ta ci dala miliyan ɗaya, mai cikakkiyar inshora da ya yi jinya a asibitocin da ke cikin tsarinsa ba zai wuce nan ba. A ganina wannan iyaka ita ce ainihin abin da mutum ke saye idan ya sayi inshora.

Ita kuma ta gajeren zango fa?

Ta girmi Obamacare. Tun dokar 1996 aka ware ta daga jerin inshorar da dokokin tarayya ke sa wa ido, saboda ana ɗaukar ta abin cike giɓi: mutum ya bar aiki, zai kama wani bayan wata biyu, ɗalibi ya gama jami'a, bai samu aiki ba tukuna, sabon ma'aikaci yana jiran inshorar kamfani ta fara, wanda doka ta yarda ya kai kwana 90. Da aka zo rubuta Obamacare, ba a taɓa wannan warewa ba. Sakamakon haka, duk tanade-tanaden da aka lissafa a sama, babu ko ɗaya da ya hau kanta.

Sayenta ba wuya. Mutum zai shiga intanet ko ya amsa kiran dillali, ya amsa 'yan tambayoyi na e ko a'a a kan lafiyarsa, ya biya, wani lokaci washegari ta fara aiki. Ana sayar da ita a kowane wata na shekara, alhali kasuwar cikakkiyar inshora tana da lokacin buɗewa da rufewa. Katin da za a ba shi bai bambanta da na kowace inshora ba a ido, sau da yawa ma sunan wani babban kamfani ne a jiki. Daga nan ruɗanin yake farawa.

Daga ina arahar take fitowa?

A 2018 KFF ta zauna ta yi lissafin wannan tambaya. Ta gano cewa kamfani zai iya sayar da inshorar gajeren zango da ragin kashi 54 cikin 100 a kan farashin cikakkiya. Kashi 38 daga cikin 54 ɗin yana fitowa ne daga tace mutane, wato ƙin karɓar masu ciwo da ƙin biyan kuɗin tsohuwar cuta. Sauran yana fitowa daga cire wasu fannonin jinya. Ke nan mafi yawan arahar daga barin marasa lafiya a waje take.

Su wa ake bari a waje? Mai ciwon suga, mai ciwon zuciya, mai ciwon ƙoda, mai sikila, mai cutar HIV, wanda ya taɓa yin ciwon daji, mai ƙiba sosai, mace mai ciki. KFF ta ƙiyasta cewa kashi 27 cikin 100 na manyan Amurkawa 'yan ƙasa da shekara 65, mutum miliyan 54 ke nan, suna ɗauke da irin ciwon da kamfani zai iya ƙin su a kansa. Wanda ciwonsa bai kai a kore shi ba, kamar mai hawan jini ko asma, za a iya karɓar sa, amma da sharaɗin cewa duk abin da ya danganci wannan ciwo ba ruwan kamfani da shi.

Sai abubuwan da aka cire. A wani binciken na 2018, KFF ta duba nau'o'in wannan inshora guda 24 da ake sayarwa a jihohi 45 da babban birnin tarayya. Kashi 71 cikin 100 ba sa biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta a saya a kanti. Kashi 62 ba sa biyan jinyar shaye-shaye, kashi 43 ba sa biyan jinyar ƙwaƙwalwa. Haihuwa kuwa, ba a samu ko guda ɗaya da ke ɗaukar nauyinta ba. Ga sabbin ma'aurata wannan kaɗai ya isa amsa.

Akwai kuma ƙananan sharuɗɗan da ke can cikin takardar yarjejeniya, waɗanda ba kowa ke karantawa ba. Wata inshorar za ta ce jimillar abin da za ta biya ba zai wuce wani adadi ba. Wata za ta ƙayyade abin da take biya na gadon asibiti a kwana, ko na motar ɗaukar marar lafiya, ko na wata tiyata, adadin da bai kai ko kusa da ainihin farashi ba. Wata za ta ce ba ta biyan aikin ƙaba ko na maƙogwaro a watannin farko. Wata ba ta da asibitocin da ta yi yarjejeniyar farashi da su, saboda haka ita za ta biya abin da ta ga ya dace, asibiti kuma ya bi majinyaci ragowar. Dokar hana cajin ba-zata da ta fara aiki a 2022 ma ba ta shafi wannan inshora ba.

Abu na ƙarshe shi ne inda kuɗin mutane ke tafiya. Obamacare ta wajabta wa kamfani ya kashe aƙalla kashi 80 cikin 100 na kuɗin da ya karɓa a kan jinya da inganta ta, in ya gaza ya mayar wa mutane rara. Inshorar gajeren zango ba ta da wannan takunkumi a dokar tarayya. A watan Yunin 2020, kwamitin makamashi da kasuwanci na Majalisar Wakilai, wanda 'yan Democrat ke jagoranta a lokacin, ya fitar da rahoton bincikensa. Ya ce kamfanonin da ya bincika kusan rabin kuɗin kawai suke kashewa a kan jinya, kuma la'adar da dillali ke samu a kan wannan inshora takan kai kashi 23 cikin 100 a matsakaici, alhali a kan cikakkiya kashi 2 ne. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin dalilin da ya sa mai kiran waya yake ta yabon ɗaya yana kushe ɗaya ba.

Ranar da ciwo ya zo

Tambayoyin da ake yi lokacin saye kaɗan ne, kuma ba a cika bincikar amsoshin ba. Binciken gaske yana zuwa ne bayan an kai wa kamfani takardar kuɗi mai nauyi. A lokacin ne zai nemi takardun asibitin mutum na shekarun baya, a wasu yarjejeniyoyin har shekara biyar, yana neman wata alama da za ta nuna ciwon ya riga inshorar. Ba sai likita ya taɓa faɗa wa mutum sunan cutar ba. Yawancin yarjejeniyoyin suna cewa in akwai alamar da ya kamata mai hankali ya je asibiti a kanta, to cutar tsohuwa ce. Ciwon baya da mutum ya ambata wa likita bara, za a iya jingina shi da ƙarin da aka gano bana. In kuma kamfani ya ga an amsa wata tambaya ba daidai ba, yana iya soke inshorar gaba ɗaya tun daga ranar farko, ya mayar da kuɗin watan da aka biya, ya bar mutum da bashin asibiti.

A Fabrairun 2020, farkon bazuwar korona, jaridar Miami Herald ta ba da labarin wani mutum da ya dawo daga ƙasar Sin da zazzaɓi da mura. Ya yi abin da ya kamata, ya tafi asibiti don kada ya shafa wa jama'a. Gwaji ya nuna mura ce. Takardar kuɗin da ta biyo baya dala 3,270 ce. Inshorarsa irin wannan ce mai araha, yana biyan dala 180 a wata, kuma kamfanin ya nemi ya kawo takardun asibitinsa na shekara uku don ya tabbatar murar ba ta da alaƙa da wata tsohuwar cuta. A kan mura ke nan.

Amma babban ramin yana wajen ƙarewar wa'adi. A ce wani direban tasi a Houston, lafiyayye, ya sayi ta wata uku a tsakiyar Janairu. A watan Maris ya ji ƙullutu a wuyansa, gwaji ya nuna ciwon daji ne. A ce ma kamfanin bai yi gardama ba, ya biya kuɗin gwaji da somin jinya. Tsakiyar Afrilu wa'adi ya cika. Ya nemi sabuwa, sai a sake miƙo masa tambayoyin nan na e ko a'a, yanzu kuwa amsarsa ta sauya. Ciwon da ya same shi yana cikin inshorar ya zama tsohuwar cuta a wurin wadda zai saya gaba, babu kamfanin gajeren zango da zai karɓe shi.

To ya koma kasuwar gwamnati mana? An riga an rufe rajistar shekara. Doka ta ba wanda ya rasa cikakkiyar inshora, misali wanda aka sallama daga aiki, damar kwana 60 ya shiga kasuwar ko da a rufe take. Ƙarewar inshorar gajeren zango ba ta ba mutum wannan dama a tsarin tarayya, domin doka ba ta ɗauke ta cikakkiyar inshora ba tun farko. Medicaid kuma, Texas, jihar da Houston take, na cikin jihohi goma da ba su faɗaɗa ta don ta ɗauki ƙarin manya masu ƙaramin samu ba. Sai ya jira 1 ga Nuwamba a buɗe rajista, inshorar ta fara aiki 1 ga Janairu. Fiye da wata takwas ke nan mai ciwon daji yana jira, ko yana cin bashin da zai bi shi shekaru.

Kai-komon gwamnatoci

Wa'adin wannan inshora ya zama ƙwallon da kowace gwamnati ke bugawa nata ɓangaren. Shekaru da dama ƙa'idar ita ce kada ta kai wata 12. A 2016 gwamnatin Obama ta ga mutane sun fara mayar da ita inshorar dindindin, sai ta rage wa'adin zuwa ƙasa da wata uku. A Oktoban 2017 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin a sake duba lamarin, ƙa'idar da ta fito a Agustan 2018 ta ba da damar kwana 364, tare da sabuntawa har wata 36. A daidai wannan lokaci majalisa ta soke tarar da ake cin wanda ba shi da cikakkiyar inshora, daga 2019. Kasuwar ta buɗe: rahoton kwamitin majalisar nan ya ce mutum wajen miliyan uku ne suka saye ta a 2019. Masu adawa sun kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington ta ba gwamnati gaskiya a Yulin 2020.

Biden ya kira ta tarkacen inshora. Ƙa'idarsa ta Maris 2024, wadda ta fara aiki 1 ga Satumba, ta tsayar da wata uku, da ƙarin wata ɗaya, kuma ta sa a rubuta gargaɗi da manyan haruffa a shafin farko. Sai ga sanarwar Agustan 2025 ta sake sassauta igiya.

Jihohi ma suna da ta cewa, kuma sau da yawa tasu ce ke aiki a ƙasa. Kalifoniya ta haramta sayar da ita tun farkon 2019, Illinois ta bi sahu a 2025. A New York da New Jersey da Massachusetts dokokin jiha sun sa ba a sayar da ita. Saboda haka mazaunin Bronx da aka kira a waya aka yi masa tallar inshora mai arahar banza, ya kamata ya tsaya ya tambayi ko mece ce ake sayar masa.

Me masu goyon baya ke cewa, me masu adawa ke cewa?

Hujjar masu goyon baya ba ta banza ba ce. Ma'aikatar lafiya ta nuna cewa tsakanin 2013 da 2017 matsakaicin kuɗin wata a jihohin da ke amfani da shafin HealthCare.gov, wato kasuwar inshora ta gwamnatin tarayya, ya tashi daga dala 232 zuwa 476. Tallafin asali na Obamacare yana tsayawa ne a kan wanda samunsa bai wuce ninki huɗu na ma'aunin talauci ba, wato dala 62,600 a shekara ga mutum ɗaya bisa ma'aunin 2025. Wanda ya ɗara haka ko da dala ɗaya ce, in babu ƙarin tallafin nan, shi zai biya farashin duka, ga ɗan shekara 60 kuwa farashin na iya cinye wani babban kaso na samunsa. Sakataren lafiya na lokacin, Alex Azar, ya amsa a 2018 cewa wannan inshora ba ta dace da kowa ba, amma ya ce za ta ba miliyoyin da tsada ta kora zaɓi mai sauƙi. Da babu gara ba daɗi. Lafiyayyen da ya yi hatsarin mota ya karye, inshorar gajeren zango mai kyau za ta iya ɗauke masa dubban daloli.

Suna da wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Masana irin su Michael Cannon na cibiyar nazarin manufofi ta Cato suna cewa taƙaita wa'adi zuwa wata uku ko huɗu shi ke jefa mutane cikin ramin da aka kwatanta a sama. Da direban nan ya samu ta kwana 364, da ta kai shi har lokacin buɗe rajista. Wannan gaskiya ce, kuma masu kare ƙa'idar Biden ba su da cikakkiyar amsa a kanta.

Masu adawa, ciki har da ƙungiyar likitocin Amurka da ƙungiyoyin masu ciwon daji, suna da amsa biyu. Ta farko, tsawaita wa'adi yana sa mutane su ɗauke ta madadin cikakkiya, su ƙi yin rajista lokacin da kasuwa ke buɗe, alhali iyakokin biya da binciken tsohuwar cuta suna nan daram ko da wa'adin shekara uku ne. Ta biyu ta shafi kowa da kowa. Inshora tana tafiya ne idan masu lafiya da marasa lafiya suna zuba kuɗi a asusu ɗaya. Idan matasa lafiyayyu suka zare jiki suka koma mai araha, waɗanda za su rage a asusun su ne masu yawan zuwa asibiti, farashi ya tashi, tashin ya kori wasu lafiyayyun, a sake zagayowa. Mai sikila ko mai ciwon suga ba shi da inda zai gudu, shi zai biya kuɗin arahar da wani ya samu. Su kuma lafiyayyun, ranar da ciwo ya kama su, asusun da suka guje wa nan za su dawo.

Ni dai na fi karkata ga masu adawa, kuma dalilina yana wajen yadda ake sayar da ita. Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Da kowane mai saye ya san abin da ya saya, da sai a ce zaɓinsa ne. Matsalar ita ce mutumin da ya rubuta "inshorar lafiya mai araha" a Google, ya faɗa shafin da ya yi kama da na gwamnati, ya sa lambar wayarsa, dillali ya kira shi yana gaggauta shi, ya ce masa "komai tana biya", wannan mutum bai san rariya ya saya ba sai ranar da yake kwance a gadon asibiti. Baƙon da bai daɗe a ƙasar ba, Turancinsa bai nuna ba, kuma ya saba da cewa kati kati ne, ya fi kowa saurin faɗawa.

Wa ta dace da shi, kuma me ya kamata a duba kafin ta?

Akwai wanda za ta yi wa amfani: lafiyayyen da ba ya shan wani magani, ba a sa ran haihuwa a gidansa, kuma ya san ranar da cikakkiyar inshorarsa za ta fara, kamar wanda ya riga ya karɓi takardar kama aiki. Ga irin wannan, ta wata ɗaya ko biyu ta fi zama haka nan.

Ko shi ɗin ma akwai ƙofofin da ya kamata ya fara ƙwanƙwasawa. Wanda ya rasa aiki tare da inshorar wurin aikinsa yana da kwana 60 na shiga kasuwar gwamnati, kuma da yake samunsa ya ragu, tallafinsa na iya ƙaruwa. Dokar COBRA ta ba wanda ya bar kamfani mai ma'aikata 20 zuwa sama damar ci gaba da inshorar wurin aikinsa har wata 18. Da tsada, domin shi zai biya duka, amma yana da kwana 60 na yanke shawara, kuma in ya karɓa ya biya, tana komawa baya ta rufe tun daga ranar da ta yanke. Medicaid ba ta da lokacin rufe rajista, jihohi 40 da babban birnin tarayya sun faɗaɗa ta, North Carolina ta shiga cikinsu a Disamban 2023. Ɗan ƙasa da shekara 26 zai iya zama a inshorar iyayensa. Ɗan ƙasa da 30 zai iya sayen wata cikakkiya mai sauƙin kuɗin wata, wadda kason farkonta ke da yawa amma tana da iyakar aljihu kuma ba ta korar mai ciwo.

Ga baƙi lamarin yana da nasa sarƙaƙiya. Mai katin zama na dindindin zai iya saye a kasuwar gwamnati, amma Medicaid a mafi yawan lokuta sai ya shekara biyar. Wanda ba shi da takardun zama ba ya iya saye a kasuwar tarayya ko da kuɗinsa. Ga irin wannan akwai cibiyoyin lafiya na unguwanni da gwamnatin tarayya ke tallafa wa, waɗanda ke duba kowa su caje shi gwargwadon samunsa. Malamai da ɗalibai masu bizar J-1, wato ta shirin musayar ilimi, kuwa doka ta gindaya musu mafi ƙarancin inshorar da za su riƙe: dala 100,000 ga kowane ciwo ko hatsari, kason farko kada ya wuce dala 500, da tanadin mayar da marar lafiya ko gawa gida. Inshorar da ta gaza haka tana iya jawo wa mutum matsala a kan bizarsa.

Sai iyayen da ake ɗaukowa daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi su zo taya 'yarsu jego. Abin da ake saya musu inshorar matafiya ce, wani nau'i daban, amma sharaɗin tsohuwar cuta iri ɗaya ne. Hajiya mai shekara 62 da ke shan maganin hawan jini, in shanyewar ɓarin jiki ta same ta a can, kamfani zai fara duba ko daga hawan jinin ne. Wasu nau'o'in suna biyan tasowar tsohuwar cuta in ta zo bagatatan, amma da iyakar kuɗi da iyakar shekaru. Kafin a biya ko sisi, a nemi cikakkiyar takardar yarjejeniya, a bar takardar talla, a nemo shafin da ya lissafa abubuwan da ba a biya, a karanta yadda suka fassara tsohuwar cuta da shekara nawa suke komawa baya. Sannan a zo da ita da isasshen maganinta daga gida, tare da takardar likitanta mai nuna sunan kowane magani da yadda take shan sa.